Saura Ƙiris da Zomon Mai Aski

A hawa na biyu na ginin bincike, can ƙarshen baranda, akwai wani ɗaki mai firiji uku da taga ɗaya, kuma a cikinsa akwai wani mutum da kowa ke kira Saura Ƙiris. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji cewa saura ƙiris ya zama dakta, karatun ne kawai ya zo masa a lokacin da ba shi da sukuni. Aikinsa na gaskiya wanke kwalabe ne, da goge tebura, da kwashe shara. Shekara goma sha tara yana yi. Amma farar rigarsa ta fi ta kowa shan guga, ga biro huɗu a aljihun gaba, biyu daga ciki ba sa rubutu.

Masu ɗakin su biyu ne, Farfesa da ɗalibarta, wata mata mai 'ya'ya biyu da ta shekara uku tana neman digirinta na ƙarshe. Abin da suke bincike ba shi da wuyar faɗi. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma idan ɗaya ta tsufa ko ta lalace ba ta jiran a kore ta, da kanta take tattara kayanta ta mutu cikin tsari, ba hayaniya. Ƙwayoyin cutar daji su ne masu taurin kan da suka ƙi mutuwa. To, akwai wani magani da Farfesa ke gwadawa ko zai tuna musu hanya.

Idan ƙwaya ta fara mutuwa, wani furotin yakan bayyana a cikinta. Ido ba ya ganinsa, sai da antibodi, wani ruwa a 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, wanda ya san wannan furotin shi kaɗai, yadda yaro ke gane uwarsa a cikin cunkoson kasuwa. A kan shimfiɗa abin da ke cikin ƙwayoyin a kan wata farar takarda siririya, a jiƙa ta da tsinkakkiyar madara, a ɗiga antibodin, sannan a sa antibodi na biyu wanda zai kama na farko ya haska shi a na'ura. In baƙin layi ya fito a allon kwamfuta, magani ya ci. Wata huɗu aka yi ana jiran 'yar kwalbar nan kafin ta iso cikin akwatin ƙanƙara.

Sau biyu Ɗaliba ta gwada, layin yana fitowa dishi-dishi, sai an kanne ido. Ga shi ranar Alhamis manyan baƙi za su zo, waɗanda a hannunsu yake a ci gaba da binciken ko a rufe ɗakin. Farfesa ma ta tafi tarbo su daga wani gari.

Ranar Laraba da safe aka kira Ɗaliba daga makarantar yara cewa ƙaramin ɗanta na zazzaɓi. Tana tuɓe safar hannu tana magana.

“Kawu, sabuwar takardata tana cikin firijin tsakiya, a 'yar roba mai shuɗin murfi. Sati uku na yi kafin na kawo ta nan. Gobe tsohon hoton zan nuna wa baƙi, wannan sai sati mai zuwa. Don Allah kada a taɓa.”

“Haba 'yata,” in ji Saura Ƙiris, “ni za ki faɗa wa? Tun kina firamare nake ɗakin nan.”

“Shi ya sa na faɗa maka,” in ji ta, ta ɗau jaka ta fita.

Ƙofa na rufuwa ya zauna a kujerar Farfesa ya juya sau biyu. Ya daɗe da gano abin da ke damun aikin nan: rowa. Yana gani da idonsa, ɗigo ɗaya tak take sakawa a cikin ruwa mai yawa, sannan ta zo tana kukan layi bai fito ba. Madarar ma ta gari ce marar maiƙo, wadda ko jariri aka ba sai ya tofar. Gobe in baƙi suka ga layi baƙi wuluk, mai kauri kamar titin jirgi, suka tambayi wanda ya yi, ai magana ta ƙare. Za a sa sunansa a takarda. Ƙila ma su tafi da shi.

Ya sauka shagon da ke bakin ƙofa ya sayo madarar gwangwani mai kauri, mai sukari, wadda in ka ɗaga cokali sai ta bi shi. Ya tsiyaye ruwan da ke cikin robar, ya malala wa takardar madara har ta nutse. Ya ɗauko 'yar kwalbar antibodi daga ƙofar firiji, ya dubi abin ɗiga, ya ture shi gefe, ya kife kwalbar gaba ɗaya. Ya ƙara bubbuga gindinta don kada a bar komai.

“Yau za ki ci ki ƙoshi,” ya ce wa takardar.

Takardar umarni da ke manne a bango ta ce a ɗora a kan na'urar girgiza, cikin sanyi, tana lilo a hankali har washegari. Ya kai ta ɗakin sanyi ya ɗora. Na'urar ta fara lilonta, dama, hagu, kamar tsohuwa na gyangyaɗi. Ya tsaya yana kallo da hannu a ƙugu.

“Ke ma ragwanta? Duk ɗakin nan ba mai son aiki sai ni.”

Ya murɗa maɓallin har ƙarshe. Na'urar ta zabura, ta yi tsalle biyu, ta wullo robar, Allah ya sa ya cafe a ƙirji. Sai ta yi wani ƙara kamar an taka wutsiyar kare, ta saki siririn hayaƙi, ta yi shiru. Ya kashe, ya kunna, ya mare ta, ya lallashe ta. Ko motsi.

Wani zai tsaya nan ya yi tunani. Saura Ƙiris cewa ya yi ai sanyi da girgiza kawai ake nema, kuma duka biyun akwai su a unguwa. Ya lulluɓe na'urar da tawul, ya sa robar a kwanon abincinsa, ya ɗaure a bayan babur. A hanya duk ramin da ya gani sai ya faɗa da gangan, yana cewa wannan ma girgiza ce, kuma ba a biya.

Da la'asar ya iso gida. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya: ɗakunansa a dama, na wata tela a hagu, ga shagon Mai Aski a bakin ƙofa, da kejin zomayensa a bayan shagon. Uwargida tana shanya ta ga ya nufi firiji da kwano.

“Baban yara, me ka kawo mana?”

“Ba na ci ba ne. Ba ni ƙanƙara.”

“In ba na ci ba ne me yake yi a kwanon abinci?”

“Aikin gwamnatocin duniya ne, ba za ki gane ba. Zo ki zauna ki riƙe, kina jijjigawa a hankali.”

“Har yaushe?”

“Har gobe da safe.”

Ta dube shi daga sama har ƙasa. “'Ya'ya biyar na jijjiga maka a gidan nan, na gama nawa. Wannan kai ka haifo shi, kai za ka yi reno.”

Sai ya ji ƙarar keken ɗinki daga ɗakin Tela, tar-tar-tar, har teburin na rawa. Fuskarsa ta washe. Ya zuba ƙanƙara a faranti, ya ɗora robar a kai, ya yi sallama.

“Maƙwabciya, aron kusurwar teburinki nake so. Ke dai ki ci gaba da ɗinki, kada ki tsaya.”

“Mene ne a ciki?” in ji Tela.

Tambayar da yake jira ke nan tun safe. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda za ta kai shago. Kafin ya gama jimla biyu Mai Aski ya shigo da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin na biye da shi da rabin kai.

“Wannan da kuke gani,” in ji Saura Ƙiris, ya buɗe murfin, “shi ne mai gano mutuwa. Duk inda mutuwa ta fara aiki, tun kafin mai ita ya sani, wannan zai nuna ta.”

Mai rabin aski ya ja da baya. “A rufe, don Allah, kada ya nuna ni.”

“Ni ƙanshin madara nake ji,” in ji Mai Aski.

“Hancinka bai yi karatu ba.”

“Wa ya haɗa shi?”

“Masana na can sun yi nasu ƙoƙarin, ni na gyara musu. Ita Farfesa, baiwar Allah, tana da ƙoƙari, amma ba ta yanke komai sai ta ce a tambayi Kawu.”

“Ranar da na kai maka makullinka da ka manta,” in ji Uwargida daga bakin ƙofa, “na tarar tana tambayarka ina ka ajiye tsintsiya.”

“Ita ma ai tambaya ce!”

Aka kwashe da dariya. Saura Ƙiris ya juya wa teburin baya don ya fuskanci jama'a, ya shiga bayanin yadda ƙwayoyi ke mutuwa, yana zana da'ira a iska da biro. Ya kai wajen da baƙi za su roƙe shi ya bi su, sai Tela ta daina taka keke.

“Malam, shi mai gano mutuwar, kyanwa na shansa?”

Ya waiwaya. Kyanwar Tela, wata fara mai baƙin kunne, tana tsaye a kan teburin. Ta sa ƙafa ɗaya ta danne takardar don kada ta dame ta, ta lashe robar tas, tana bin kusurwoyi da harshe.

Ihun da ya yi sai da zomaye suka firgita a keji. Kyanwa ta yi tsalle ta haye saman labule. Tela ta dafe ƙirji.

“Wayyo kyanwata! Ka ba ta mutuwa!”

“Ba ya kashewa, nunawa yake yi!”

“To me ya nuna? Duba ta ka faɗa mini! Kwana nawa ya rage mata?”

“Ni ta kashe, ba ita za ta mutu ba! Wata huɗu ta shanye!”

“Ka ce kyanwar ta zama dakta kafin kai,” in ji Mai Aski.

Kyanwa dai tana saman labule tana lasar gashin baki, lafiyarta ƙalau. Saura Ƙiris ya sa yatsu ya ciro takardar, ya shafe ta da babban yatsa, gaba da baya, ya hure gashin da ya manne, ya mayar cikin robar. Tela ta ce in kyanwar nan ta ko yi atishawa, hukuma ce za ta raba su.

Ya zauna a dakalin ƙofar gida yana jujjuya 'yar kwalbar da ba komai a ciki. Can idonsa ya faɗa kan ɗan rubutun da ke jikinta, ya matso da ita kusa, ya karanta a hankali. An rubuta cewa daga jikin zomo aka samo shi. Haka ne kuwa, masu haɗa irin wannan antibodi sai sun yi wa zomo allurar furotin ɗin, su jira makonni jikinsa ya ƙera, sannan su tace daga jininsa. Saura Ƙiris bai san da wannan dogon zance ba. Kalma ɗaya ya gani.

Ya miƙe zumbur. “Zomo! Wata huɗu ana jiran abin da ke bayan shagon maƙwabcina yana cin ganye!”

Ya leƙa shago. “Maƙwabci, ara mini zomo ɗaya zuwa gobe da azahar.”

“Zomo ake ara? Guduma ce?”

“Ilimi ne ke buƙatarsa. Za a ambaci sunanka a gaban baƙi.”

“Yanka shi za ka yi?”

“Allah ya kiyaye. Ni ko jinin sauro ba na son gani. Ruwan jikinsa kawai zan ɗan ɗiba.”

Mai Aski yana fama da ɗaya rabin kan, ya ce ya ɗauka, amma ya dawo masa da shi da kunnuwa biyu. Saura Ƙiris ya zaga baya ya zaɓi wanda ya fi duka ƙiba, don a lissafinsa mai ƙiba ya fi antibodi.

Ranar Alhamis tun bakwai da rabi ya iso ƙofar ginin da kwali a rungume. Mai gadi ya tare shi.

“Mene ne a kwalin?”

“Kayan aiki.”

Kwalin ya motsa. Mai gadi ya dubi kwali, ya dubi mai kwali.

“Kayan aikin ne ke shure-shure?”

“Sabon samfuri ne, da ransa ake kawo shi. Ka matsa, kana ɓata wa ilimi lokaci.”

A sama ya rufe ƙofa ya duba kwalbar antibodi na biyu. An rubuta daga akuya aka samo shi, kuma tana nan cike. Ya yi hamdala, don bai san wanda zai ara masa akuya da sassafe ba.

Dabararsa ita ce, duk abin da ke cikin jiki yana fita ta fata. Ya tara ruwan ɗumi a babbar robar wanke kwalabe, ya naɗe hannun riga, ya ɗauko zomo.

“Kwantar da hankalinka. Wanka ne kawai, kuma za ka shiga tarihi.”

Ƙafar zomo na taɓa ruwa ya zama wani abu dabam. Ya harba ƙafafun baya, ruwa ya tashi ya wanke wa Saura Ƙiris fuska da biro huɗu. Ya karce masa hannu, ya taka kafaɗarsa, ya dira kan tebur. Jerin kwalaben da aka wanke jiya suka bi juna zuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Saura Ƙiris ya bi shi da tawul, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a cikin ruwan. Kafin ya tashi, zomo ya shige bayan babban firiji, inda ko hannu ba ya shiga.

“Zauna can,” ya ce yana haki. “Abin da nake so ai ka bar shi a ruwa.”

Ya ɗebi ruwan wankan da gashi na yawo a kai, ya zuba wa takardar, ya jijjiga da hannu yana ƙirga ɗari. Ya kife mata kwalbar akuya ita ma gaba ɗaya. Ya ɗauraye sama-sama, don a ganinsa yawan wanki shi ke tafiya da albarkar abu. Ya zuba ruwan haskawa yadda ya saba ganin Ɗaliba na yi, ya shimfiɗa takardar a cikin na'urar hoto, ya rufe. Ya share fasassun kwalabe ya tura ƙarƙashin tebur. Yana cikin matse rigarsa ya ji takun mutane a matakala.

Farfesa ce a gaba, sai baƙi uku. Shugabarsu wata dattijuwa ce 'yar ƙarama mai tabarau a kan hanci. Ɗaliba na biye da su da jaka a kafaɗa, daga asibiti take, ko zama ba ta yi ba. Farfesa ta shaƙi iska ta ɗan yamutsa fuska, ta dubi ƙasa a jiƙe, ta dubi rigar Saura Ƙiris, amma ta daure ta ci gaba da bayani. Ta ce wa Ɗaliba ta buɗe hoton.

“Layin bai yi ƙarfi sosai ba,” in ji Ɗaliba, “amma in kuka duba nan...”

Saura Ƙiris ya yi gyaran murya, ya shiga tsakaninta da kwamfuta.

“Ranki ya daɗe, a bar wahalar da idon manya. Akwai sabo.”

“Wane sabo?” in ji Farfesa.

“Wanda na yi. Na ga yarinyar nan tana ta fama, na ce bari babba ya sa hannu.”

Ɗaliba ta dubi firijin tsakiya, ta dube shi. Jakar ta zame daga kafaɗarta.

“Kawu, ka taɓa takardata?”

“Taɓawa? Ko kusa. Da hantsaki na yi komai, da safar hannu biyu-biyu. Fatata ba ta ko gaisa da ita ba.”

Dattijuwar ta ce, “Wannan bawan Allah fa?”

“Mai kula mana da...” Farfesa ta fara.

“Da komai,” ya ƙarasa mata. “Shekara goma sha tara. Ku matso kusa, abin da za ku gani ba a taɓa ganinsa ba.”

A nan kam ya yi gaskiya. Ya danna maɓalli, na'ura ta yi 'yar ƙara, hoto ya fara fitowa a babban allo. Babu layi ko ɗaya. Antibodin akuya, da aka zuba masa yawa aka kuma hana shi wanki, ya manne wa duk wani datti da ya samu. Allon ya cika da zanen babban yatsa, ɗaya, biyu, har bakwai, kowanne da da'irorinsa tsaf kamar a ofishin 'yan sanda. A tsakiyarsu kuma ga wani tambari baƙi wuluk, dunƙule ɗaya babba da ƙanana a samansa.

Dattijuwar ta gyara tabarau ta matsa.

“Malam, waɗannan masu da'ira wane furotin ne?”

“Shi ne na mutuwar, ranki ya daɗe. In ya ji magani sosai sai ya naɗe.”

“Ikon Allah. Ɗaga mini hannunka.”

Ya ɗaga na hagu.

“Ɗayan.”

Ya ɗaga. Ta kama babban yatsansa ta kai kusa da allo, ta dubi wannan ta dubi wancan. Baƙo na biyu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

“To,” in ji dattijuwar, “mun gano wannan furotin, yana da rai kuma yana sanye da farar riga. Na tsakiyar fa? Na ga yana da yatsu huɗu.”

“Wannan... sabon nau'i ne. Ban riga na raɗa masa suna ba.”

“A gidana akwai irinsa,” in ji ta. “Yana kwana a kan kujera, yana satar kifi.”

Baƙo na uku ya fashe da dariya har da dafa tebur. Teburin ya gusa, fasassun kwalabe suka zubo fili. Farfesa ta ɗaga tawul ɗin da ke ƙasa don ta rufe su, sai ga gashi fari a jikinsa. Tana shirin tambaya, zomo ya leƙo daga bayan firiji, jiƙe sharkaf, ya ratsa tsakanin ƙafafun baƙi, ya tsaya a kan takalmin dattijuwar ya girgije jikinsa, ya koma inda ya fito.

“Wannan kuma fa?” in ji Farfesa, muryarta can ƙasa.

“Ma'ajiyar antibodi ce, ranki ya daɗe. Na ga ana wata huɗu ana jira...”

“Ina wanda ke cikin kwalba?”

“Yana wajen kyanwa.”

Farfesa ta nemi kujera ta zauna. Ta tambaye shi dalla-dalla, shi kuma ya ba da labari dalla-dalla, tun daga madarar gwangwani har keken ɗinki, yana yi yana gyara wuraren da yake ganin dabara ce. Da ya zo kan na'urar girgiza ya ce ta rasu cikin tsari, ba hayaniya. Dattijuwar ta cire tabarau tana share hawaye.

“Wata huɗu,” in ji Farfesa. “Ka san abin da ka yi wa yarinyar nan? Da me za ta gama karatunta?”

Wannan ta shige shi. Ya dubi Ɗaliba, ya ga idonta ya yi ja, ya sunkuyar da kai.

Ɗaliba ta ja dogon numfashi. “Ranki ya daɗe, sati ukuna sun tafi, wannan ba makawa. Amma antibodin bai ƙare ba. Ranar da ya iso na raba shi gida goma. Ɗaya na bari a nan. Tara suna hawa na uku, a firijin mutanen sama, cikin kwalin da na rubuta wa ‘kashin ɓera, kada a buɗe’.”

Saura Ƙiris ya ɗago kai. “'Yata, ni kika ɓoye wa? Ba ki yarda da ni ba ke nan?”

“Kawu, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Na san duk abin da ka gani sai ka gyara shi.”

Aka buɗe tsohon hoton. Dattijuwar ta daɗe tana duban siririn layin nan, ta yi wa Ɗaliba tambayoyi masu tsauri, ta samu amsa. Ta ce layin ƙarami ne amma na gaskiya ne, a maimaita sau uku a aiko mata, aiki ya ci gaba. Sharaɗinta biyu: a sa wa kowane firiji kwaɗo, kuma a buga mata hoton mai yatsu huɗu, za ta rataye a ofishinta.

Da baƙi suka tafi Farfesa ta yanke hukunci. Daga yau iyakar Saura Ƙiris wurin wanki, biro ɗaya ya ishe shi, kuma ba zai bar ginin nan ba sai ya fitar da zomon mutane.

Azahar ta wuce, la'asar ta kawo kai. Mai Aski ya gaji da jira ya biyo sawu, mai gadi ya rako shi sama. Suka tarar da Saura Ƙiris kwance rub da ciki a ƙasa, kunci a manne da siminti, yana haska bayan firiji da tocila, da ganyen latas a ɗaya hannun.

“Ina zomona?” in ji Mai Aski.

“Yi magana a hankali. Wanne daga ciki?”

“Kamar yaya wanne? Ɗaya ka ara!”

Mai Aski ya durƙusa ya karɓi tocila. Can cikin lungu, inda injin firiji ke fitar da ɗumi, zomanya ce kwance a kan tsumman goge tebur, ga 'ya'ya shida jajaye, ba gashi, suna ta mutsu-mutsu a cikinta.

“Mai cikin ka ɗauko! Mai cikin ka yi wa wanka!”

Saura Ƙiris ya tashi zaune, ya kakkaɓe ƙurar da ke gaban rigarsa, ya mayar da bironsa ɗaya aljihu. Ya dubi mai gadi.

“Kai shaida ne. Shekara da shekaru masu digiri suna ɗakin nan, ba abin da suke nema sai mutuwa, ita ma dishi-dishi suke ganinta. Ni kwana ɗaya aka bar mini wurin, ga haihuwa shida.”

Daga ofis muryar Farfesa ta fito. “Kawu, ka gama kwalaben?”

“Yanzu zan fara, ranki ya daɗe.”